Masinja da Layin da Ya Goge da Hannunsa

Shekarar da maigidana ya rasu na tare a wannan benen, ɗaki ɗaya a hawa na uku, wanda ɗan ƙanwata ya samo min don ya fi kusa da wurin aikinsa. Ban san kowa ba, ban kuma san hanya ba. Ran da zan je ganin likitan ido, ya turo min wani abu a waya, ya ce in na danna wata mata za ta dinga gaya min inda zan bi. Na danna. Matar ta ce in nufi arewa maso yamma. Na tsaya a ƙofar bene ina ta juya wayar, ni da in ba alƙibla ba ban san wata kusurwa a duniya ba.

Wani dattijo ya sauko da tsohuwar jakar fata a kafaɗa. Ya yi sallama ya wuce, sai kuma ya dawo.

"Baiwar Allah, ina za ki?"

Na faɗa masa. Ya zaro tsohon ambulan daga jakar, ya dafa shi a bango, ya zana min hanya da biro. Ko sunan titi ɗaya bai rubuta ba. Ya zana famfo, ya zana bishiya mai karyayyen reshe, ya zana ƙofa ya ce shuɗiya ce, sannan ya zana kwaɗon kulle ƙofa.

"In kin ga mai sayar da kwaɗo kin wuce. Ki dawo baya kaɗan, ki shiga lungun da ke warin fenti. Kada ki bi gefen da wayar za ta ce, can babu inuwa, ga ki kuma da ciwon ido."

Na je na dawo ban tambayi kowa ba. Ambulan ɗin yana cikin jakar carbina har yau.

Shi ne Masinja, mai ɗakin da ke ƙasa da nawa. Haka kowa ke kiransa, har 'yar cikinsa in tana jin tsokana. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a gidan waya, goman farko a ƙafa, sauran a kan keke. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, a kwanar matakala inda yakan tsaya ya huta da gwiwarsa, ni kuma ina taku biyu sama da shi da bokitina.

Da ƙafa da hanci ya san garin nan. Akwai lungun da yake ganewa da tururin masu guga, akwai wanda yake ganewa da ƙarar injin katako. Ya san gidan da karensu haushi kawai yake yi, da gidan da nasu ba ya haushi sai cizo. Ya san tsohuwar da in ya kai mata wasiƙa sai ya jingine keke ya karanta mata sau biyu, ta ce ɗanta ba haka yake magana ba, ya sake.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne littafin adireshi. Wani ƙaton littafi ne da ke zaune a ofishinsu, kowane gida da shafinsa. In mutum ya tashi, ko ya rasu, ko aka rushe wurin, ba a gogewa, ba a yagewa. Rula ake ɗorawa, a ja layi ɗaya siriri da jar tawada a kan tsohon, yadda mai nema zai iya karanta shi, sai a rubuta sabon a ƙasa da kwanan wata. Shugabansu na farko, wani mai gashin baki, ya taɓa kama sabon ma'aikaci yana kankare suna da reza, ya sa shi ya kwafe shafin nan tun daga farko a tsaye.

"Cewa ya yi wanda ya tashi ma yana da haƙƙi a shafin," in ji Masinja. "Wata rana wani zai zo nemansa."

Layinsu ɗan gajere ne, a bayan tsohon kamfanin ƙanƙara, gida goma sha tara. Nan ya kai amarya, nan aka haifi 'yarsu, ita kaɗai Allah ya bar musu cikin huɗu. Matarsa tela ce, a bakin ƙofa take ajiye keken ɗinkinta don haske. Bai taɓa kama sunanta a gabana ba, "mutuniyar" yake cewa. Mace ce da ba ta son hoto. In aka ɗaga kamara sai ta juya baya ta ce ita ba kayan talla ba ce. Ta yi jinyar wata biyar, ta tafi.

Shekara biyu bayan haka hukuma ta ce gadar sama za ta bi ta kansu. Ta gidan waya aka aiko takardun tashi, layin kuma a yankinsa yake. Shi ya raba su, ambulan goma sha tara. Ya fara daga bakin layi ya ƙare da nasa gidan, ya zura ta ƙarƙashin ƙofa yadda aikin ya ce, sannan ya buɗe ya shiga ya ɗauka. Da aka gama rusau, shi ya ɗora rula ya ja layi goma sha tara. A wajen kwashe kaya kwalin da katin shaidarta ke ciki ya ɓata, kuma a jikin katin nan ne hotonta ɗaya tilo yake. Shekara na zagayowa aka ce wasiƙa ta yi ƙaranci, aka sallame su da yawa, har da shi.

'Yar tana aure a wata ƙasa. A wani zuwa da ta yi ta kawo masa waya irin ta shafawa, ta zauna a bakin gadonsa tana koya masa.

"Baba, faɗi wani wuri, ko ina ne, in nuna maka."

"Ke za ki nuna min wuri a garin nan?"

"Ba ni ba, wayar."

Don ya ƙure ta sai ya ce layinsu. Ta rubuta tana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ashe shekarun baya wata mota mai kamara a ka ta zaga gari tana ɗaukar kowane titi, aka zuba hotunan cikin taswirar waya, kuma tun daga lokacin babu wanda ya koma ya duba. A cikin wayar layin yana nan. Ga shagon aski a bakinsa, ga famfon, ga igiyar shanyar maƙwabta. 'Yar ta dinga tura yatsa suna tafiya gida-gida, har ƙofarsu.

Mace ce tsaye a bakin ƙofar, riƙe da daro. An dama fuskar yadda ba za a gane ta ba, haka suke yi wa kowa. Amma kafaɗar hagu ta ɗan sauka, irin ta wadda ta shekara ashirin a kan keken ɗinki. Can ya nuna gefen bango.

"Ga kekena." Sannan ya ce, "Tunda keken yana waje, ina ciki kenan."

'Yar ta share ido ta ce, "Yana nan kullum, Baba. Duk lokacin da ka so sai ka shigo."

Ya sa ta nuna masa inda ake dannawa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a bayan ambulan.

Bayan tafiyarta zaman ɗaki ya fara cin sa, sai ya nemi aiki a wani kamfanin kai saƙo, irin wanda mutane ke sayen kaya ta waya, masu babur su kai musu har gida. Aka sa shi a sito yana jera ƙunshi a kan kanta, unguwa-unguwa. Ya tafi da murna, a zatonsa abin da ke kansa suke so. Satin farko ya ga wani zai kai kaya wurin da ya sani kamar tafin hannunsa, ya fara yi masa kwatance.

"Baba, in na bi taka wayar za ta ce na kauce, a rage min tauraro."

Taurarin nan su ne darajar mai babur. In ya makara su ragu, in sun ragu da yawa wayar ta daina ba shi aiki, kuma babu wani mutum da za ka je ka ba haƙuri. Ko manajan cewa yake shi ma daga sama yake gani.

Cikinsu akwai Dogo, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda bakinsa ba ya zama. Kullum da safe yana cire hular kwano yana cewa, "Baba Masinja, yau taswirar kanka ta cika caji?"

"Ta fi taka. Tawa ba ta mutuwa in an ɗauke wuta."

"Amma tana nuna gidajen da suka rushe tun ina rarrafe."

"Taka ma tana nunawa," in ji Masinja.

In an tashi aiki ba ya hawa mota, a ƙafa yake tafiya. Garin da yake ratsawa yanzu bai san shi ba, shi ma garin bai san shi ba. Yakan yi sallama ya ji shiru, kowa da wani abu toshe a kunne. Sau nawa wani zai taho yana cewa ina gajiya, ya amsa da fara'a, mutumin ya wuce, ashe da wani yake a wata nahiya. Gidaje sun zama dogayen ƙofofin ƙarfe da maɓallin dannawa. A ajiye kaya wurin mai gadi, waya ta yi ƙara, shi kenan an kai saƙo, ba a ga fuskar mai shi ba. Ya ce da can mutane yake kai wa, yanzu lamba ake kai wa. Ban musa masa ba. A benenmu ɗaki arba'in ne. Wani bawan Allah ya rasu a hawa na huɗu, ta matakalar nan aka sauko da shi, amma sai bayan kwana biyu muka gani a waya.

Tafiyar tasa wuri ɗaya take ƙarewa, ƙarƙashin gadar. Kusurwa ɗaya ta katangar kamfanin ƙanƙara ta tsira, daga nan ya auna da taku. Magudanar ruwa ta bi ta inda famfo yake. Ginshiƙin da aka rubuta wa lamba goma sha huɗu a tsakiyar ɗakinsu yake tsaye. Sai ya jingina da shi, motoci na rugugi a kansa, ya buɗe wayar. Ba ya tsallakewa kai tsaye zuwa ƙofarsu. Daga bakin layi yake farawa, kamar mai rabon wasiƙa. Ya gaida wanzami, ya gaida gidan direban jirgin ƙasa, ya wuce gidan masu faɗa da sauri kamar yadda ya saba, har ya iso. Nan yakan yi sallama a hankali, ya tsaya kamar minti biyar, ya yi mata addu'a, ya rufe ya taho ya riski magariba a masallacin layinmu.

Wata la'asar muka haɗu a kwanar matakala, ya yi ta jujjuya wayar a hannu kamar mai son magana.

"Maƙwabciya, in nuna miki mutuniyar?"

Ya miƙo hannu. Ni kuwa ban saba matsawa kusa da namijin da ba nawa ba, na tsaya daga inda nake na ɗan leƙa. Rana ta shigo ta tagar matakala ta sauka a kan gilashin, idona kuma ba a daɗe da yi masa aiki ba. Abin da na gani fuskata ce da mayafina. Na ji nauyin in ce ya karkato, ko in ce ya sake. Sai na ce, "Allah ya jiƙanta. Da gani mutuniyar kirki ce."

Ya ji daɗi ƙwarai. "Bayan 'yata, ke kaɗai na nuna wa."

To, layin nan da ke raye a cikin waya yana cutar masu babur. Taswirar tana ɗaukarsa gajeriyar hanya, sai ta tura su can, su je su tarar da shingen kankare, su zagayo a makare. Masinja yakan gargaɗe su, amma wayar ce mai ba da umarni. Dogo ya faɗa sau biyu, taurarinsa suka zube, ya yi sati a gida. A karo na uku matar wayar ta ce masa juya dama, ya juya, ya tsinci kansa a bakin gangaren gada yana fuskantar motoci. Ya kauce, ya daki shingen. Hannunsa ya karye wuri biyu.

Ya zo sito da hannu a rataye, har yanzu da sauran tsokana a bakinsa. "Baba, na je layinku gaisuwa, ba su buɗe min ba."

Masinja bai yi dariya ba. Adireshi mara kyau a gabansa, ya san shi, ya bar shi har ya karya mutum. A tsohon ofishinsu wannan abin kunya ne da ba ya wankuwa.

"Babu inda ake gaya wa masu taswirar?"

Dogo ya nuna masa da hannu mai lafiyar. Akwai wurin da ake dannawa a rubuta cewa taswira ta yi kuskure.

"In sun gyara, tsohon yana ina?"

"Yana can wurinsu mana. Waɗannan ai ba sa zubar da komai, har abin da ka ci bara sun sani."

Maganar ta zauna masa, domin shi ma haka ya san ana aiki. Duk ofishin da ya san kansa layi ɗaya yake ja. Bai kira 'yarsa ya tambaya ba, bai ga abin tambaya ba.

Ya fara rubutawa a takarda tukuna, ya gyara, sannan ya kwafe cikin wayar da yatsa ɗaya. Ya sa kwanan watan rusau, ya lissafa gidajen, ya ce wani magidanci ya ji rauni, ya rufe da tsohuwar lambarsa ta aiki. Nan take amsa ta zo, ana gode masa da taimakon da ya yi. Ya hau har ƙofata ya karanta min.

"Kin ga mutanen kirki? Ko minti ɗaya ba su ɓata ba."

Ya mayar musu da gaisuwa, ya tambayi iyalinsu. Da sati biyu suka wuce ba a gyara ba, ya sake aikawa. Ya je ya ɗauki hoton shingen ta kusurwa uku ya haɗa. Ya sa masu babur su ma suka aika. Aiki ne ya ɗauka, kuma bai saba barin aiki a rabi ba.

Wata uku aka yi. Wata ranar Talata ya jingina da ginshiƙin, ya bi matakan da ke bayan ambulan, wayar ta ce babu wuri mai wannan suna. Ya ɗauka yatsansa ne ya kuskure, ya sake. Ya nemo kusurwar kamfanin ƙanƙara ya tura yatsa inda bakin layin yake, sai hoton ya zame ya hau babban titi. Ashe motar mai kamara ta sake zagayowa. Ga gadar, ga shingen, ga magudanar. A gindin ginshiƙi na goma sha huɗu wani tsoho ne tsaye da jakar fata, ya sunkuyar da kai kan waya, an dama masa fuska.

Ya nemi jan layin. Ya danna duk abin da ke dannuwa. Babu layi, babu rubutu a ƙasa, babu kwanan wata.

Washegari ya kai wa mai gyaran waya na bakin kasuwa. Mutumin ya duba ya ce wani lokacin suna barin tsofaffin hotuna, amma sai in titin yana nan. Wannan an cire shi ɗungurungum, babu inda za a taɓa a shiga.

"Ba ka ɗauke shi ka ajiye ba, Baba? Maɓalli biyu ne kawai."

"Wane maɓalli?"

Mai gyaran ya nuna masa. Ya tsaya yana kallon maɓallan nan biyu a gefen wayar. Shekara biyu yatsansa na kansu.

Ya kira 'yar. Ta yi kuka, ta ce ita ta ɗauka ya ajiye, shi kuma ya ce ai ita ta ce yana nan kullum. Daga nan layin ya yanke.

Sai ya shiga neman ofishin masu taswirar. Ya koma inda ya rubuta ƙorafin farko ya roƙa a mayar, ko a turo masa hoton gida ɗaya kawai. Nan take aka gode masa da taimakon da ya yi, kalma bisa kalma irin ta farko. A ranar ya gane babu kowa a wurin. Duk da haka bai haƙura ba. Akwai wani dogon gini mai gilashi da ke ɗauke da tambarinsu a sama, ya sa rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a ya je. Mai gadi ya ce talla ce kawai, ba su da ko kujera a ciki. Ya dawo ya rubuta wasiƙa ta gaske, ya ninke, ya liƙa kan sarki, ya ɗauki biro zai rubuta adireshi. Na ga wasiƙar a kan tagarsa bayan wata guda, gabanta fari fat. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai taɓa dawowa da saƙo don ya rasa gida ba.

A sito kuwa murna ake. Babu mai sake faɗawa shingen, manaja har ya yaba masa a gaban kowa. Dogo, da hannunsa ya warke, ya zo da sabuwar hula zai ba shi.

"Baba, ka ceci 'ya'yana. Daga yau na daina tsokanar taswirarka." Ya dube shi da kyau. "Lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Allah ya kiyaye gaba."

Bai taɓa gaya masa ba. Ya ce min Dogo bai yi ƙarya da gangan ba da ya ce ba sa zubar da komai, kuma ko ya sani, hannun mai rai ya fi. Ya faɗi haka yana kallon bango. Ƙarshen watan ya bar aikin.

Ya daina zuwa ƙarƙashin gada. Sai ya koma zana layin a bayan ambulan, yadda ya zana min hanyar asibiti. In na sauko nakan hango shi ta ƙofa a buɗe, ya baza su a kan tabarma. Kullum gidajen goma sha takwas suke fitowa. Ya ƙirga daga sama, ya ƙirga daga ƙasa, ɗaya ya ɓace, ya kasa tuna na wane ne. Littafin adireshin da zai raba gardama, ya je tambaya aka ce an kwashe tsofaffin takardu tun da aka mayar da ofishin shagon kayan sanyi. Ya bi sawun tsofaffin maƙwabta, ya samu wanzamin a can ƙarshen gari, jiki ya shanye, bakin ba ya fita. Ya tambayi 'yar launin zanen da ke jikin uwarta a hoton, ta ce shuɗi. Shi kore yake gani. Bayan kwana biyu ta kira ta ce wataƙila koren ne, ya gane don ta kwantar masa da hankali ta faɗa.

Ya rame. Wata rana aka tsinto shi a bakin kasuwa ya rasa hanyar gida, shi Masinja. Wani mai shago ne ya duba wayarsa ya rako shi. Da 'yar ta ji, ta zo ta ce ba za ta bar shi ba. Ta tafi da shi ƙasar da take, inda bai san ko lungu ɗaya ba. Takan turo min gaisuwarsa. Ta ce ba ya fita, yana zaune a taga yana kallon titi. A ɗakinsa yanzu wasu ne da ban taɓa jin muryarsu ba, sai dai in ga an ajiye musu ƙunshi a bakin ƙofa.

Akwai abu ɗaya da ya rage tsakanina da shi, kuma shi nake kaiwa gaban Ubangiji a kowace sujada, don ban san wanne ya fi nauyi ba, gaskiyar da ban faɗa ba ko ƙaryar da ban yi ba. Ran da ya yi min roƙonsa na ƙarshe, cewa na yi na bar tukunya a wuta, na hau, ban sake saukowa ba sai da motarsu ta tashi.

Ana gobe za su tafi ne, da la'asar. Na sauko da bokiti na same shi zaune a kwanar matakala, wurin da ya taɓa miƙo min wayar. Ya ɗora ambulan a gwiwa, biro a hannu. Da gani ya daɗe yana jirana.

"Maƙwabciya, ke mai lura ce. Tun ran da na zana miki hanya na sani, har kika gaya min ƙofar nan ba shuɗiya ba ce, an sake mata fenti. Ni kaina ya fara yi min wasa, yarinyar kuma sau ɗaya ta gani, tana kuka. Saura ke." Ya gyara ambulan ɗin, ya cire murfin biro. "Don Allah ki zauna ko daga nan ne, ki faɗa min abin da kika gani a hoton nan, ni in rubuta. Ba sai kin yi sauri ba. Fara da ƙofar. A buɗe take, ko a rufe?"